Darasi na 7: Wane Tsarin Rage Ƙiba Ne Ya Fi Aiki?

Duk mai waya ya taɓa cin karo da tallan nan: hoto biyu na mace ɗaya, na farko da teɓa, na biyu kamar an feƙe ta, a ƙasa an rubuta "kilo 10 cikin sati biyu". Kafin ku taɓa kuɗin adashinku, ku ji abin da likitoci suka gani da suka ɗora irin waɗannan tsare-tsare a kan sikeli.

A Amurka rage ƙiba tsohuwar sana'a ce. Tun 1963 wata matar gida, Jean Nidetch, ta kafa kamfanin Weight Watchers a New York. Mutum zai biya kuɗi, ya je taro duk mako, a auna shi, a koya masa lissafa abin da yake ci. Tsarin Atkins ya ce a guji burodi da shinkafa da sukari. Na Ornish kuwa da maiƙo yake gaba. Na Zone kuma ya ce a daidaita yawan furotin da maiƙo da abinci mai sitaci. Kowa dai tasa hajar yake yabo.

A 2005 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Boston. An raba mutum 160 gida huɗu, kowane gida da tsarinsa. Da shekara ta zagayo, 'yan Atkins sun rage kilo 2.1 a matsakaici, 'yan Weight Watchers kilo 3, 'yan tsarin Zone 3.2, 'yan Ornish 3.3. Ku sake karanta lambobin nan a hankali. Shekara guda cur, kilo biyu zuwa uku! Tazarar da ke tsakaninsu ma ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabin 'yan Ornish sun gudu kafin shekarar ta cika, 'yan Atkins ma kusan haka. Waɗanda suka daure kuwa, ko a wane gida suke, su suka fi ramewa.

Biyan kuɗin yana da ɗan amfaninsa. A 2015 masana a jami'ar Johns Hopkins suka duba tsare-tsare 32, suka tarar 11 kaɗai aka taɓa yi wa gwaji na ƙwarai. A cikinsu 'yan Weight Watchers sun fi waɗanda aka bari da shawara kawai ramewa da kashi 2.6 cikin 100 na nauyin jiki. Taron mako-mako yana hana mutum sakin jiki, don ya san ranar awo tana zuwa. Wannan kuwa ku da maƙwabta uku kuna iya yinsa a tsakar gida da sikeli ɗaya.

A nan wajenmu shayin rage ƙiba ya fi yawa, kuma shi ya fi damuna. Da yawansu ganyen filasko ne a ciki. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, da safe sikeli ya nuna ya ragu, alhali ruwan jikinsa ne ya zube, kitsen yana nan daram. An kuma sha kama wasu da aka zuba wa sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ko ciwon sukari, da mai juna biyu, da mai shayarwa, kada su sha komai sai sun ga ma'aikacin lafiya.

Aikin aji: Likitoci sun ce rage kashi 5 cikin 100 na nauyi ma yana taimaka wa mai hawan jini da mai ciwon sukari. Idan nauyin mace kilo 80 ne, kilo nawa za ta rage ke nan? Sannan ku rubuta a littafinku tambayar da za ku yi wa mai talla: "Waɗanda suka saya bara, kilo nawa suke yau?"