Yadda ake auna ƙwazon 'yan wasan ƙwallon Amurka ranar da aka ci ƙungiyarsu

Duk wanda ya saba da gardamar gidan kallo a Ringim ko Gezawa ya san yadda ake rabon laifi in ƙungiya ta sha kashi. A nemo mutum ɗaya, yawanci wanda ya yi kuskuren ƙarshe, a jibga masa kayan duka. A ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa a gasar NFL, wannan hukunci zalunci ne, domin wasan a yanke yake gunduwa-gunduwa, kuma kafin a taɓa ƙwallo kowane ɗaya daga cikin mutum 11 da ke fili ya san aikin da aka ɗora masa. Wannan aikin shi ake aunawa, kuma ana iya auna shi daga ƙauye da waya da littafin rubutu.

Ga wanda bai daɗe da fara kallo ba: masu kai hari suna da dama 4 su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu damar. Shiga da ƙwallo gidan abokan karawa, wato tacdawun, maki 6 ne, bugun tsakanin sanduna kuma maki 3. Wasa kashi 4 ne, kowanne minti 15, kuma kowace ƙungiya takan kai hari sau sittin da wani abu.

Fara da samun cikakken wasa. Wasannin farko na ranar Lahadi suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogon Najeriya a Satumba da Oktoba, su koma ƙarfe 7 daga farkon Nuwamba in Amurka ta sauya agogo. Lokacin magariba ke nan, kuma da wuya mai gidan kallo ya kashe ƙwallon Turai saboda mutum uku. Wasan ƙarshe na Super Bowl kuwa sai wajen 12 da rabi na dare, cikin sanyin Fabrairu. Saboda haka maimaici za ka nema. Gajeren bidiyon da ake sakawa a YouTube ba zai yi maka aiki ba, don an tsince manyan abubuwa ne kawai an bar aikin da aka yi a tsakani. Wanda ake so shi ne wanda aka cire talla da tsaye-tsaye amma aka bar kowane hari, yakan kai kimanin minti 40. Sauke shi a wayar tun da wuri in sabis ya yi kyau, ka cika caji, domin za ka yi ta tsayarwa kana komawa baya.

Ka ja layi 5 a shafin littafi. Na farko lokaci da yadda maki yake. Na biyu dama ta nawa ce da yadin da ya rage. Na uku aikin da ɗan wasan ya kamata ya yi. Na huɗu abin da ya yi. Na biyar alama: ɗaya da ƙari in ya yi abin da ya wuce na kowa, sifili in ya yi aikinsa daidai, ɗaya da ragi in ya gaza. Kamfanin PFF, wanda ƙungiyoyin gasar ke amfani da alƙalumansa, haka yake yi da ma'auni daga ragi 2 zuwa ƙari 2. Mai farawa ya tsaya a mataki uku, sun isa. Yawancin alamominka sifili za su kasance, kuma haka ya dace. Kada ka bi fiye da mutum biyu a kallo ɗaya. Ido yana son bin ƙwallo, sai ka tilasta masa ya tsaya kan lambar rigar da ka zaɓa.

Majefi, wanda ake kira kwatabak, shi ne aka fi zalunta kuma shi ne aka fi yi wa sassauci, don haka a kansa za mu daɗe. Da zarar an miƙo masa ƙwallo fara ƙirga sakan. Sakan 2 da rabi shi ne mizanin da masu nazari ke amfani da shi. In abokin karawa ya iso kansa kafin wannan lokaci, laifin na 'yan katanga ne, wato ƙattin nan 5 da ke tsare shi. In ya riƙe ƙwallo ya wuce sakan 3 alhali akwai wanda ya buɗe, har aka kayar da shi, laifin nasa ne ko da mai sharhi ya zagi katanga.

Dubi wasan ƙarshe na Fabrairun 2021, inda Tampa Bay ta lallasa Kansas City 31 da 9. A takarda majefin Kansas City, Patrick Mahomes, ya yi jifa 49, an cafe 26, babu tacdawun ko ɗaya, an fizge masa ƙwallo sau 2. Wanda ya tsaya a nan zai ce ya yi wasan banza. Amma ƙungiyar ta shiga fili babu masu tsaron gefen katangarta biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya, kuma an takura shi sau 29, abin da ba a taɓa gani ba a wasan ƙarshe kafin ranar. Har da haka ya jefa ƙwallon da ta bugi fuskar kwalkwalin Tyreek Hill, da wata da ta bugi na Darrel Williams, duk a bakin gida ko cikinsa, ba a cafe ba. A littafinka waɗannan jifa biyu ƙari ne ga majefi, ragi ga masu cafewa. Ɗora masa laifin ranar daidai yake da zagin mai riƙe da garma alhali shanun ne suka kwanta.

Kowace ƙwallon da aka fizge a iska sai ka kalle ta sau uku kafin ka sa alama. Karo na farko kalli ƙafafun majefi, ko a tsaye yake daram ko ana tura shi. Na biyu kalli macafi, ko ya bi hanyar da aka tsara ko ya tsaya inda ya kamata ya ci gaba da gudu. Na uku kalli ƙwallon kanta, ko ta taɓa hannun wani ta canja hanya. Akwai kuma kishiyar wannan, wadda mutane ke mantawa: mummunan jifa da ya faɗa hannun mai tsaron baya amma ya suɓuce masa. Takarda ba ta rubuta shi, kai ka rubuta ragi, domin sa'a ce ta cece shi.

Layin farko na littafinka, na lokaci da maki, shi zai tsare ka daga yaudarar alƙaluman ƙarshen wasa. A Fabrairun 2025 Filadelfiya ta ci Kansas City 40 da 22. Mahomes ya tashi da yadi 257 da tacdawun 3, macafinsa Xavier Worthy ya cafe na yadi 157. Mai duba takarda zai ce sun yi rawar gani. Amma an tafi hutun rabin lokaci 24 da nema, Mahomes yana da yadi 33 kacal, an fizge masa sau 2, kuma sai da maki ya kai 34 da nema kafin Kansas City ta ci ko ɗaya. In tazara ta yi nisa haka masu tsaron baya kan ja da baya, su bar gajeren jifa don agogo ya yi ta tafiya. Saboda haka ja layi a ƙarƙashin harin da tazara ta wuce maki 16 a kashi na huɗu, domin daga nan ci biyu ba sa isa a rama. Abin da ya biyo bayan layin ka rubuta shi, amma kada ka haɗa shi da lissafin sama. A wasan na 2025 layin ma tun kafin kashi na huɗu ya kamata a ja shi. Ka ga mutum ɗaya ne, an ci shi a wasannin ƙarshe biyu, amma wanda takardarsa ta fi muni shi ne ya fi yin ƙoƙari a cikinsa.

Aikin 'yan katanga a fili yake in ka san inda za ka sa ido. A harin jifa, ya riƙe mutuminsa sakan 2 da rabi ko bai riƙe ba. A harin gudu, ya ture shi daga hanyar da aka nufa ko an turo shi baya. Abu ɗaya za ka ƙara ƙirgawa: mutum nawa abokan karawa suka turo. In sun turo 6 alhali masu tarewa 5 ne, wani dole ya shigo, kuma majefi ne ya kamata ya gane ya saki ƙwallo da wuri. In mutum 4 kawai suka turo kuma suna isowa, katanga ta rushe. A wasan 2025 Filadelfiya ta kayar da Mahomes sau 6 ba tare da ta ƙaro mutum ko sau ɗaya ba, wanda ya bar mata mutum 7 a baya suna toshe duk hanyar jifa.

Mai gudu da ƙwallo kada ka yarda da matsakaicin yadinsa. Gudu ɗaya na yadi 60 yana iya rufe asirin gudu goma sha biyar da ba su je ko'ina ba. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne: a dama ta farko ya ci kashi 40 cikin ɗari na yadin da ake buƙata, a ta biyu kashi 60, a ta uku da ta huɗu ya ci duka. Gudun yadi 2 in yadi 1 ya rage nasara ne. Gudun yadi 8 a dama ta uku in 12 ya rage ba komai ba ne. Ka kuma lura da inda aka fara taɓa shi. In tun kafin ya kai layin da aka fara harin ake rungume shi, koma ka tuhumi katanga.

Tsaron baya ya fi wahala, domin kyamarar talabijin tana bin ƙwallo, masu gadin nesa sukan fita daga hoto. Sai ka jira maimaicin da ake nunawa daga sama. Yawan kamu, wato kayar da mai ɗauke da ƙwallo, ba shaidar ƙwazo ba ne, wanda ake ta jifa ta gefensa shi zai fi kowa yawan kamu, wanda kuma ya rufe mutuminsa ruf ba za ka ji sunansa ba duk wasan. Ƙirga sau nawa aka jefa wa wanda yake gadi da sau nawa aka cafe, sannan kamun da ya kuskure. Kuma mai tsaron baya yana iya fin kowa a fili ranar da aka ci ƙungiyarsa. Chuck Howley na Dallas ya fizge ƙwallo sau 2 a wasan ƙarshe na Janairun 1971, Baltimore ta ci 16 da 13, aka ba shi gwarzon wasa. Shi kaɗai ne ya taɓa samun wannan kyauta daga ɓangaren da aka ci.

Yanzu sai kuskuren ƙarshe, wanda ake ta nunawa har mako ya zagayo. A Fabrairun 2023 Kansas City ta ci Filadelfiya 38 da 35, kuma abin da aka riƙe shi ne tutar da alƙali ya jefa wa mai tsaron bayan Filadelfiya James Bradberry saboda jan riga saura ƙasa da minti 2, laifin da shi da kansa ya amsa bayan wasa. Ragi ɗaya ne a littafi, ba a musa ba. Amma Filadelfiya ta tafi hutu tana gaba 24 da 14, kuma duk lokacin da ƙwallo ta dawo hannun Kansas City bayan hutu sai da ta ci maki. Masu farautar majefi na Filadelfiya, waɗanda suka yi kayarwa 70 a kakar, ba su yi ko ɗaya ba. An bar Kadarius Toney da Skyy Moore na Kansas City kowanne shi kaɗai a bakin gida, an kuma bar Toney ya cafe ƙwallon da Filadelfiya ta buga ya dawo da ita yadi 65. Majefin Filadelfiya, Jalen Hurts, ya suɓutar da ƙwallon da Nick Bolton na Kansas City ya tsinta ya ci, wannan babban ragi ne, amma ya yi jifan yadi 304, ya shiga gida da ƙafarsa sau 3. In ka haɗa lissafi, Hurts yana sama da kusan kowa a filin, kuma Bradberry ba shi ne a ƙasa ba.

Mai bugun sanduna ma haka. Har yau ana ambaton Scott Norwood na Buffalo da bugun yadi 47 da ya kauce dama a Janairun 1991, aka ci su 20 da 19. Bugu ne mai nisa a kan ciyawa, kuma New York Giants ta riƙe ƙwallo minti 40 da sakan 33 cikin minti 60, wato masu tsaron bayan Buffalo sun kasa ƙwato ta. Kafin ka sa wa mai bugu alama duba ukun da ke haɗuwa: miƙowa, ajiyewa, bugawa. In ɗinkin ƙwallo yana fuskantar ƙafarsa ko an ajiye ta a karkace, ragin na mai ajiyewa ne.

In ka gama, haɗa ƙari da ragi na kowane ɗan wasa, ka raba da yawan harin da ya shiga, don kada wanda ya buga sau 20 ya yi daidai da wanda ya buga sau 65. Sannan ka zagaye alamomin dama ta uku da na cikin yadi 20 na ƙarshe da jan biro, ka duba su daban, domin nan ake cin wasa ko a bar shi. In za ka kai maganar majalisa ko ka rubuta a Facebook, kawo hari biyu ko uku da lokacinsu, yadda abokin gardama zai buɗe bidiyon ya gani da idonsa. Inda ba ka iya gane wa aka ɗora wa gadin wani mutum ba, kamar in masu tsaro biyu suka kalli juna bayan an ci su, ka bar layin babu alama, domin kociya da 'yan wasan ne kaɗai suka san umarnin da aka bayar. Kowace ƙungiya wasa 17 take bugawa a kaka, saboda haka ajiye littafin ka cika shafuka uku ko huɗu kan mutum ɗaya kafin ka ce a sallame shi.