Bakkale: kurakuran da masu kiwo ke ta maimaitawa a Damagaram

Yanzu duk wanda ya samu ɗan kuɗi a Damagaram sai ya sayi awaki ko saniya ya ɗaure a gida, kuma alheri ne. Abin da ya ishe ni, ni da nake aikin lafiya kuma na tashi a gidan kiwo, shi ne yadda sababbin masu kiwo ke taka sawun na da a kan cutar da Fulani ke kira bakkale, likitoci kuma brusela. Ƙwayar cuta ce mai zama a jikin shanu da awaki da tumaki da raƙuma. Tana sa dabba ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta maƙale, wani lokaci gwiwar saniya ta kumbura ta tara ruwa. Daga nan take tsallakowa jikin mutum.

Babban kuskure shi ne ɗaukar kowace masassara ta cizon sauro ce. Masassarar bakkale takan zo da yamma, mutum ya kwana gumi ya jiƙe masa riga, da safe ya ji dama-dama, ta yi kwanaki ta lafa, ta sake dawowa. Ga ciwon ƙugu da gaɓoɓi, ga kasala, ga rama, wasu maza har maraina su kumbura. Ba ta bayyana nan take, takan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, shi ya sa mutum ba ya haɗa ta da akuyar da ta yi ɓari a watan jiya.

Wannan kuskuren ya ci mu a gidanmu. Ƙanena yana kiwo wajen Tanut, ni ina aiki nesa. Rani ne tsaf, babu sauro, amma mai tallar magani a kasuwa ya yi ta ɗirka masa maganin cizon sauro, da ya ƙi ji aka ce taifot ce, daga baya aka ce sammu. Aka sayar da raguna aka kai wa masu magani. Ranar da na gan shi yana tafiya da sanda kamar tsoho, tambaya ɗaya na yi wa baba: “Baba, an yi ɓari a garken bana?” Ya ce awaki da yawa sun zubar, kuma yaron ne ya fitar da ƴaƴan da hannunsa. Watanni yana wahala babu wanda ya yi wannan tambaya! Har yau ƙugunsa bai koma daidai ba. Don Allah, in an gwada jini ba a ga cizon sauro ba, ko an sha magani masassara ta ƙi tafiya, ku buɗe baki ku gaya wa likita kuna kiwo, kuna shan ɗanyar madara, an yi ɓari a garkenku. Ku roƙi a yi gwajin brusela. Akwai mai sauƙi da ake kira Rose Bengal, in babu a ƙauye a tura ku babban asibitin Zinder, wato Damagaram. Ku ma ƙannena sababbin ma'aikatan lafiya, me zai hana ku tambayi mara lafiya sana'arsa kafin ku rubuta takarda?

Na biyu, sa hannu tsirara a haihuwar dabba. Babu inda ƙwayar ke taruwa kamar ɗan ɓari da mabiyiya da ruwan haihuwa, kuma ƴar tsagar da ke tafin hannu ko kaushin ƙafa ta ishe ta shiga, haka ido da baki. Sai ka ga an jefa wa kare, kare ya ja ya zagaya gida, yara suna wasa a wurin. Ni al'adata, leda mai kauri nake ajiyewa kusa da turke, in babu safar hannu in zura biyu-biyu in ɗaure. Ɗan ɓari da mabiyiya in haƙa rami mai zurfi in binne, in ƙone shimfiɗar, in wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Uwar kuma a ware ta daga garke sai ta daina zubar da ruwa. Mace mai ciki kada ta kusanci wurin ko kaɗan, domin cutar na iya jawo mata ɓari ita ma.

Sai madara. Na san za a ce kakanninmu ɗanya suka sha. Sun sha, kuma da yawansu sun yi ta fama da ciwon da aka kira sanyin ƙashi. A tsibirin Malta aka fara gano ƙwayar a 1887, wani likitan sojan Birtaniya David Bruce ya gano ta, a 1905 kuma wani likita ɗan Malta, Themistocles Zammit, ya nuna madarar awaki ce ke yaɗa ta. Da aka hana sojoji shanta sai cutar ta ja baya a barikokinsu. Akuya mai ƙiba da kyan gani tana iya zubo ƙwayar a madararta. Tsami kuma ba ya ba da tabbacin kashe ta, saboda haka a gidana sai an tafasa madara, ta huce, sannan a zuba mata tsohon nono ta kwana ta zama kindirmo. Daɗin furar bai ragu ba. Madarar raƙumi da ake sha ɗanya don neman lafiya, ita ma a tafasa. Sabon cuku mai laushi na ɗanyar madara ba na ba yarana.

Wanda aka gano yana da cutar, kada ya yanke magani don ya ji sauƙi. Ƙwayar ɓuya take yi a cikin ƙwayoyin jiki, shi ya sa ake haɗa magani biyu, galibi doxycycline da rifampicine, na mako 6 cur. Mai yankewa a mako na 2 dawowa take yi masa, wani lokaci ta sauka a ƙashin baya ko zuciya. Kada a saya a tebur: doxycycline ba a saba ba mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8 ba, rifampicine kuma maganin tarin fuka ne, wasa da shi ɓarna ce ga kowa.

Ƙananan kurakurai kuma ga su. Ɗanyar hanta da naman da bai gasu ba ranar layya, a bari. Mahauci mai rauni a hannu ya rufe shi kafin fiɗa. Mai share garke ya yayyafa ruwa ya rufe hanci, ana shaƙar ƙwayar a ƙura. Kada a guji mara lafiya, da wuya ƙwarai mutum ya shafa wa mutum. Allurar da ake yi wa dabbobi kowace shekara ta wasu cututtuka ce, kamar ciwon huhun shanu, kada a zaci ta tsare bakkale, mutum kuwa ba shi da allurar rigakafinta.

Wanda ya fi ƙona mini rai cikin ƙananan shi ne mai kai dabbar da ta yi ɓari kasuwa ya yi shiru, ya tura wa ɗan'uwansa ciwo har gida. In za ka saya, a Mirya ne ko Magarya, tambayi dillali tarihin haihuwarta, duba gwiwoyinta, ka ɗaure ta ita kaɗai har sai likitan dabbobi ya duba ta kafin ka haɗa ta da naka.