Karɓar albashi ta manhajar waya: inda aka fi yin tuntuɓe

Ranar biya ta zo. Ka duba waya da asuba, shiru. Ka sake dubawa da hantsi, abokan aikinka kowa ya ga nasa, kai kuwa ko ƙwandala. Kafin azahar ka fara zargin manhaja ta cinye maka kuɗi. A mafi yawan lokuta ba ta ci komai ba, matsalar tun daga fom ɗin da ka cike ta faro.

Akwai abu ɗaya da in mutum ya gane shi, rabin kurakuran nan sun kau: manhajoji irin su Cash App da Venmo da Chime ba bankuna ba ne. A Amurka, inda wannan tsari ya fi yaɗuwa, albashi yana bi ne ta hanyar da bankuna suke tura wa juna kuɗi, wadda ake kira ACH. Manhajar tana da wani banki da take hulɗa da shi a bayan fage, can kuɗin yake sauka, ita kuma ta nuna maka shi a fuskar waya.

Daga nan kuskure na farko yake fitowa. Ofishin biyan albashi ya ba ka fom, ya nemi lambar asusu, sai ka juya katinka ka kwafe lambobi 16 ɗin da ke jikinsa. Wani ma lambar wayarsa yake rubutawa, ko sunan da abokai suke tura masa kuɗi da shi a manhajar. Duk ba su ba ne. Lambobi biyu ake buƙata: lambar da ke nuna bankin, wadda a Amurka guda 9 ce cif, da kuma lambar asusunka. Dukansu suna cikin manhajar, galibi a sashen karɓar albashi. Inda aka ce ka rubuta sunan banki kuwa, sunan bankin da manhajar ta nuna maka za ka sa, ba sunan manhajar ba.

Ko an sami lambobin da suka dace, hannu yakan yi tuntuɓe. Lambar banki tana da wani lissafi a cikinta da yakan tona kuskure nan take, amma lambar asusu ba lallai ta samu wannan gatan ba. Ka juya 6 da 9, ko ka tsallake sifili ɗaya, sai ɗayan biyu ya faru. In babu mai wannan lambar, kuɗin zai koma wa ma'aikatarku bayan 'yan kwanaki, a sake turowa. In kuwa akwai mai ita, to, kuɗinka ya sauka a aljihun wanda ba ka taɓa gani ba, domin bankin da ke karɓa yana iya dogara da lamba kaɗai ba tare da ya duba suna ba. Dawo da shi aiki ne ja. Shi ya sa na fi son mutum ya kwafo lambar kai tsaye daga manhajar, ko ya yi amfani da cikakken fom ɗin da yawancinsu suke fitarwa. In dole sai da hannu, ka rubuta, ka karanta daga ƙarshe zuwa farko, sannan ka miƙa.

Sai masu gaggawa. Yau sun miƙa fom, gobe sun rufe tsohon asusu. Sauyin yakan ɗauki zagayen biya ɗaya ko biyu kafin ya kama, wasu ma'aikatun ma sai sun fara tura gwaji marar ko sisi don su tabbatar asusun yana nan. A tsakanin nan albashi yana iya zuwa tsohon wuri, ya tarar da ƙofa a rufe. Kada ka zubar da ruwan tulu don ka ga hadari. Bar tsohon asusun a buɗe har ka ga cikakken albashi ya shigo sabon da idonka. In ma'aikatarku tana yarda a raba albashi gida biyu, fara da tura ɗan kaɗan zuwa manhajar.

Akwai kuma maganar "kwana biyu kafin ranar biya" da ake yawan talla da ita. Gaskiya ce, amma da sharaɗi. Ma'aikata takan aika bayanin biya tun kafin ranar, sai manhajar ta sakar maka kuɗin da zarar ta ga bayanin, maimakon ta jira. In akantan ku ya makara wajen aikawa, babu wani kwana biyu. Hanyar ACH kuma ba ta kammala biya ranar Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnatin tarayya. Wanda ya ɗaura kuɗin haya a kan Laraba don sau uku a jere albashin Juma'a ya zo masa Laraba, wata rana zai ji kunya.

Tantance kai, wato miƙa wa manhaja shaidar ko kai wane ne, ƙaramin abu ne da ake raina shi. Manhajoji suna da iyakar abin da asusu zai karɓa ko ya fitar, kuma wanda bai miƙa shaidarsa ba iyakarsa ta fi ƙunci. A gama wannan tun kafin albashin farko, kuma sunan da ke manhajar ya zama shi ne wanda ke takardun aiki, ba laƙabi ba.

Wanda ya fi damuna shi ne mayar da manhaja rumbun ajiya. Mutane sun ji cewa FDIC, hukumar gwamnatin Amurka da ke kare kuɗin da aka ajiye a bankuna, tana ba da inshorar ajiya har dala 250,000, sai suka ɗauka duk kuɗin da ke waya yana ƙarƙashin wannan inuwar. Inshorar tana aiki ne idan bankin ya durƙushe, ba idan kamfanin manhajar ko wani dillali da ke tsakani ya karye ba. A wasu manhajojin ma sai ka cika wani sharaɗi, kamar karɓar katinsu, kafin kuɗinka ya shiga lissafin. A watan Yunin 2023 hukumar kare masu hulɗa da harkokin kuɗi ta Amurka, CFPB, ta yi gargaɗi a kan haka. A Afrilun 2024 kamfanin Synapse, wanda yake haɗa wasu manhajoji da bankuna, ya shigar da takardar karyewa, dubban mutane suka wayi gari ba sa iya taɓa kuɗinsu na tsawon watanni, alhali bankunan suna nan daram. Karɓi albashi ta manhaja in ta yi maka, amma abin da ya wuce na hidimar wata ka matsar da shi asusun banki da ke da sunanka.

'Yan damfara su ma sun san ranar biya. Wanda ya kira ka ya ce daga manhajar yake, albashinka ya maƙale, ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu, ɓarawo ne, kashe wayar. Neman taimako ta cikin manhajar ake yi, ba ta lambar da aka tsinta a intanet ba. Wasu kuma ofishin albashi suke aika wa saƙo da sunanka, su ce ka sauya asusu. Duk sanarwar sauyin da ba kai ka nema ba, ka tashi ka je ofishin a ranar.

In kuwa ka yi komai daidai amma ranar ta wuce ba labari, kada ka fara da faɗa da manhaja. Je wurin akanta, ka tambayi ranar da aka tura, da lambobi huɗu na ƙarshen asusun da aka tura wa, da lambar bin sawu mai lambobi 15 da kowace turawa take ɗauke da ita. Da wannan lambar a hannu za ka koma wa manhajar, su duba ko kuɗin ya iso, ko an riƙe shi, ko an mayar.