Yadda Ake Fara Ceto Tsohon Gini Ba Tare Da An Kashe Shi Da Siminti Ba

Da farko ka ajiye cebur da cokalin gini. Sababbin shiga da yawa da na gani, ranar da suka iso ranar suke fara kankare bango, ko shekarun ginin ba su sani ba. Ka fara da littafi da kyamara. Ɗauki hoton kowane bango daga nesa da kusa, da sandar awo jingine a jikinsa, ka zana fasalin ginin, ka ba kowane ɗaki lamba. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan kula da gine-ginen tarihi, wadda masu wannan aiki ke komawa gare ta har yau, ta ce a rubuta abin da aka tarar da abin da aka yi, a adana. Ni da fensir nake rubutu, domin biro yana malalewa idan takarda ta ji laima.

Sai tarihi. Nemi dattawan da suka rayu da ginin, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, don kada mai ƙarfin murya ya danne saura. Gwada maganarsu da tsofaffin hotuna da taswirori a gidan adana takardu. Ginin ma yana ba da shaida: inda bango biyu suka haɗu ba su sarƙe ba, galibi ɗaya ƙari ne na baya. Idan wurin yana cikin jerin wuraren da doka ta kare, ka karɓi izini a rubuce kafin ka taɓa komai.

Mataki na uku, bi sawun ruwa. Je ka tsaya ana tsaka da ruwan sama, ka ga inda rufi ke yoyo, inda indararo ya toshe, inda ruwa ke kwanciya a gindin bango. Tsaga kuwa, kada ka yi gaggawar cike ta. Ja layi da fensir a ƙarshenta, rubuta kwanan wata, ka riƙa aunawa damina da rani. Idan tana ƙaruwa, a kira injiniya.

Yanzu ga inda ni kaina na yi ɓarna, kuma har yau abin yana damuna. An ba mu gyaran wani tsohon ginin ƙasa, na yarda aka yi wa gindinsa yaɓen siminti, wai ya fi ƙarko kuma ya fi sauri. Ya yi kyau a ido. Bayan 'yan damuna na ƙwanƙwasa, na ji yana ƙara kamar ganga. Da muka ɓamɓare, ƙasar ciki ta zama tamkar kwaɓi, gara kuma ta samu gida.

Dalilin shi ne bangon ƙasa, da na dutse ko bulo da aka ɗaure da farar ƙasa, numfashi yake yi. Yana shan danshi daga tushe, ya fitar ta jikinsa. Siminti yana toshe wannan hanya, sai danshin ya hau sama yana tara gishiri, yana cin bango daga ciki. Ga shi da tauri, ba ya motsi tare da ginin, sai ya tsage, ruwa ya shiga, ya rasa mafita. Simintin Portland, wato irin wanda muke gini da shi yau, a 1824 aka yi masa rajista a Ingila, gine-ginen da suka girme shi ba su san da shi ba. Ƙa'idata ita ce yaɓe ya fi bango laushi, ya zama shi ke lalacewa, a sake shi. Ƙasa a kan ƙasa, farar ƙasa a kan farar ƙasa. Fentin mai ma a guje shi. Kuɗin da kake ganin ka rage, wajen cire simintin za ka kashe fiye da shi, kuma yana fita da naman bango.

Sauran aikin a hannun tsohon magini yake, ka nemo shi ka saurare shi. Gwada kwaɓi iri uku a ɗan fili, jira su bushe, zaɓi wanda bai tsage ba. Jiƙa bango, yaɓa siriri, bari ya sha iska kafin ka ƙara. Itacen da bai ruɓe ba a bar shi a wurinsa. Babban masallacin Djenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara mutanen gari ke sabunta yaɓensa. Kai ma ka sa rana kafin kowace damina, a share indararo, a duba rufi, a ƙara hotuna a littafin nan na farko.