Katin CSU ba ya biyan kwanciyar mai shaye-shaye: yadda za ku tsara kuɗin jinya

A Garwa, Marwa da Ngaundere na arewacin Kamaru, iyalai kan kai ɗansu da tramol ya kama asibiti da katin CSU, wato shirin gwamnati na kula da lafiyar kowa, a hannu, suna zaton gado da magani duk suna wuyan gwamnati. Sai an je wurin biya ake jin ba haka ba ne. Gara ku san wannan tun daga gida.

An ƙaddamar da kashin farko na CSU a watan Afrilun 2023 a Mandjou, kusa da Bertoua, kuma abin da ya ɗauka ƙidayayye ne: ganin likita da maganin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, awon ciki da haihuwa a kan sefa 6,000, wankin ƙoda a kan sefa 15,000 a shekara, da maganin HIV da na tarin fuka. Kwantar da mai shaye-shaye ba ya ciki. Rajistar CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ma ba ta fisshe ku, domin aikinta fansho ne, da kuɗin iyali, da haɗarin wurin aiki. Wannan giɓi yana da ciwo a yankin da ƙwaya ta shiga jikin masu haya da babur da 'yan ƙwadago, amma da shi za ku yi lissafi.

Kafin maganar kuɗi, likita ya fara yanke ko kwanciyar ta zama dole. Ku nemi sashen CSAPA, cibiyoyin kula da masu shaye-shaye da Ma'aikatar Lafiya ta buɗe a wasu asibitocin gwamnati, ko sashen masu taɓin hankali a babban asibitin yankinku. Ku tafi da fankon ƙwayoyin da kuka tsinta a ɗakinsa, domin ƙarfin da ke rubuce a jiki, miligiram 120 ne ko 225, yana nuna wa likita yawan abin da jikin ya saba da shi. Iyakar tramol a likitance miligiram 400 ne a yini, kuma wanda ya zarce haka yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. A faɗi gaskiyar abin da yake haɗawa da shi. Ɓoye giya saboda kunya ya fi komai haɗari a nan.

Wanda ya daɗe yana shan giyar gargajiya irin su arki ko bilbil kullum, ko yana haɗiyar ƙwayar sa barci ta diazepam, in ya yanke kwatsam yana iya jijjiga, tsakanin kwana biyu zuwa huɗu kuma ya rikice, ya riƙa ganin abin da babu, har a rasa shi. Irin wannan kwanciya a asibiti yake buƙata, ko da sai an ci bashi. Haka mai ciki, da wanda ya taɓa jijjiga, da mai maganar kashe kansa. Mai tramol zalla kuwa yakan sha wuya: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, abin ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya fara sauƙi wajen mako guda. Sau da yawa ana iya rage masa a hankali yana gida, yana zuwa ganin likita, in akwai babba mai tsayawa a kansa. Kuɗin gadon sai ya koma wurin da ya fi amfani.

In an ce a kwantar, kada ku karɓi jimla ɗaya da baki. Ku roƙi a rubuta muku kashi-kashi: kuɗin gado a kowane dare da yawan kwanakin da ake zato, gwaje-gwajen jini, magani, da ganin likita. Ku ƙara abin da asibiti ba ya rubutawa, wato abincin majinyaci da na mai jinya, kuɗin mota, da cinikin da mai jinyar zai rasa. Nan lissafin yawancin gidaje yake karyewa, a ɗauke yaro a kwana na uku, daidai lokacin da jikinsa ya fi tsanani, ya koma wa ƙwaya a daren don ya samu sauƙi. Ku tambaya ko akwai samfurin maganin mai rahusa a kantin asibitin, kuma duk abin da kuka biya ku karɓi rasit a wurin biya, kada ku miƙa kuɗi hannu da hannu.

Daga nan ku tsame abin da yake kyauta. A yi masa gwajin HIV, a duba tarin fuka in yana tari ko ya rame. In an samu ɗaya, wannan ɓangaren ba naku ba ne biya. Mace mai ciki ta yi rajistar awon ciki ta sefa 6,000, ta kuma gaya wa ungozoma abin da take sha, saboda jariri yana iya zuwa da alamun yankewar ƙwayar.

Marar hali ya je ofishin jin daɗin jama'a na cikin asibiti tun ranar farko, kada ya bari sai bashi ya taru. Sukan binciki halin gidan, kuma takardar shaidar rashin ƙarfi tana iya sa a yi rangwame. Ku riƙe katin ɗan ƙasa da takardun likita. Mai inshorar kamfani ya karanta shafin abubuwan da aka ware, domin sau da yawa shaye-shaye yana can, ya kuma nemi amincewa a rubuce kafin a kwanta.

Tsadar asibiti ce take tura mutane gidan mari. Sarƙa da bulala ba sa hana jijjiga, kuma abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu a ɗaure, ya isa gargaɗi. Addu'a da nasihar malam suna da wurinsu, tare da likita. Duk inda za ku bar ɗanku ya kwana, ku tambayi wane likita ke dubawa, wa ke gadi da dare, kuma ko za ku iya ganinsa duk lokacin da kuka zo.

Shawararmu ita ce kada kuɗin da dangi suka haɗa, ko na adashe, ya ƙare a gado. Ku ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku don watannin bayan sallama: komawa ganin likita, maganin damuwa ko na barci in an rubuta, da ɗan jarin da zai raba shi da tsohuwar majalisa. Ku karɓi ranar komawa a rubuce kafin ku bar asibiti. Kowa a gidan ya san cewa bayan an wanke jiki, adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi yanzu. In kuka same shi ba ya farkawa, numfashi yana ja a hankali, leɓɓa sun canja launi, ku kwantar da shi a gefensa, kada ku ɗura masa madara ko ruwa, ku garzaya da shi sashen gaggawa tare da fankon abin da ya sha.