Kurakuran da ke kashe tsohuwar mota a Legas kafin ta koma titi

Kusan duk wanda ya sayi tsohuwar Peugeot 504 ko Mercedes ko kunkurun Volkswagen da niyyar tayar da ita a gida, tambayarsa ta farko ita ce wane launi zai dace da ita, kuma wane mai fenti na sani. Motar tana can ɗore kan bulo a wani lungu na Agege ko Idi-Araba, ba birki, ɓeraye sun yi gida a cikin kujera, amma shi hankalinsa yana kan fenti. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara maganar wuri guda. Yadda nake yi ne zan faɗa. Wani bakaniken zai saɓa mini a wasu wuraren, ba laifi.

Fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma a Legas wanda ya sa shi a farko ya zubar da kuɗinsa. Motar da ta yi shekara ashirin a ajiye a Katsina ko Gusau za ta zo maka rana ta ƙone fentinta, robobi sun tsattsage, amma ƙarfenta lafiya lau. A nan iska tana ɗauke da gishirin teku, laima ba ta barin ƙarfe ya bushe, ga ruwan Yuni da Yuli da ke shiga mota har kan kafet. Tsatsa daga ciki take ci, sai ta gama da ƙarfen sannan ta leƙo waje. Ɗaga kafet ka duba daɓen motar. Duba ƙarƙashin batir, ramin safayar taya, ƙasan ƙofofi, bayan robar gilashin gaba, da wuraren da ake kafa jak. A 504 ka ƙara da saman shokozoban gaba. A Mercedes W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, akwai magudanar ruwa kusa da maƙalar bonet. Ganye da ƙura suna toshe ta, ruwan ya koma cikin mota ba ka sani ba. Ita kuwa kunkuru, hanyoyin iska mai zafi da suka bi gefe da gefe a ƙarƙashin ƙofofi su ne ke riƙe da ƙarfin jikinta. In sun ruɓe, ƙofa za ta fara sauka, ba kuma fentin da zai ɗaga ta.

Wannan maganar da zafi nake yinta, don ta taɓa cin kuɗina. Na ba wani mai gyaran jikin mota 504 ɗina, na ce ina son ta kafin Babbar Salla. Ta fito tana ƙyalli, har mutanen unguwa suna zuwa kallo. Damina ɗaya ta wuce, sai ga ƙuraje sun feso a ƙasan ƙofar baya. Na sa sukurdireba na ɗan danna, wani ɓaro mai faɗin tafin hannu ya faɗo ƙasa. Da na juya shi, a bayansa akwai guntun ragar taga da kwalin sabulu, har rubutun kwalin ana iya karantawa. Da su ya toshe ramin, ya lafta fila, wato ƙullin cike lotsawar jikin mota, a kai, ya goge, ya fesa fenti. Da na kai masa, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ai kai ka ce kana sauri." Sai da aka kankare motar kaf aka sake aikin daga tushe, na biya kuɗin fenti sau biyu.

To ku ji da kyau. Fila ba ƙarfe ba ce. An yi ta ne don daidaita ɗan lotsawa, kaurinta kada ya wuce milimita 3, kuma shan ruwa take yi. Inda ƙarfe ya ruɓe, yanke shi ake yi har a kai ga mai lafiya, a yi waldar sabon faranti. Kafin ka sayi mota, naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle ka bi jikinta da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, fila ce a jibge. In kuma ka ba da aikin walda, ka gindaya sharaɗi tun farko cewa ba za a shafa komai a kai ba sai ka zo ka gani da idonka ka ɗauki hoto. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, ɗauke motarka tun da wuri. Kada ka taɓa faɗa wa mai aiki ranar da kake son motar. Kuma a sauke tanki, a cire batir da kafet kafin a kunna wutar walda.

Bayan fenti, ni kowace shekara kafin damina nakan fesa man giya a cikin ƙofofi da kwaroron gefe, in sa waya in buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa don ruwa ya samu mafita. Wasu suna cewa yana tara ƙura. Gaskiya ne, yana tarawa, amma ƙura ba ta huda ƙarfe. Masu lulluɓe mota da tamfol ko leda su ɗaure tam wata da watanni kuwa, gumi kawai suke tara mata. Rumfar kwano mai shan iska ta fi.

Kuskure na biyu da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake tayar da injin da ya daɗe a kwance. Mutum zai aro batir, ya tsiyaya fetur a bakin kafireto, ya yi ta ba ta wuta yana taka totur, abokai suna ihu ta kusa, ta kusa. In ta tashi a yi ta murna. Alhali baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, ringi ya manne, bangon silinda ya yi tsatsa, a cikin minti ɗaya an kankare abin da shekaru ba su ci ba. Daga nan sai hayaƙi da shan mai, a ce ai dama injin ya mutu. Bai mutu ba, kai ka kashe shi. Cire filogi duka, zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, bar shi ya kwana biyu. Sannan ka sa sifana a kan notin fulin ƙasa ka juya injin da hannu a hankali. In ya ƙi, kada ka tilasta, ƙara mai ka ƙara haƙuri. In ya juya, zubar da tsohon mai, sa sabo da sabuwar filta, ka ba ta wuta ba filogi har fitilar mai ta mutu. Fetur kuma daga jarka mai tsabta za ka ba ta. Abin da ke cikin tsohon tanki ya zama danƙo da garin tsatsa, yana shiga kafireto ka sayi sabon aiki.

Duk tiyon fetur na roba a canza shi, ko da ido ya ga kamar lafiya yake. Masu kunkuru su fi kowa kiyayewa: tiyon yana wucewa ta saman inji mai zafi, kusa da dilko, mai raba wa filogi wuta, inda ake samun tartsatsi. Batirinta kuma yana ƙarƙashin kujerar baya, in ba murfi a kansa, mai nauyi ya zauna, wayoyin kujerar su taɓa kawunan batir, wuta ta tashi a ƙarƙashinsa. Abin kashe gobara ya riga rediyo shiga mota.

Sai gyaran gangar Auzinawa da kanikawanmu suka mayar al'ada: mota ta yi zafi, a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80. In babu shi, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, ya sha fetur, ya yi saurin lalacewa, ainihin ciwon kuma yana nan, wato lagireto da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko fanka da famfon ruwa. Cunkoson titin Ikorodu zai tona asirin. Ruwan rijiya ma a bar shi. Na wasu unguwannin Legas ɗanɗanon gishiri gare shi. A sa ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa. Kan injin 504 na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya karkatar da shi. In har aka ɗaga kan, kada kowa ya juya injin sai an danne hannayen silinda, don a 504 zura su ake yi, ruwa na zagaye da su. In suka motsa, hatimin ƙasansu ya tashi, ruwa ya gauraya da mai. Na ga yaron gareji ya yi haka don kawai yana son goge kan fistin. Kunkuru ba ta da ruwa, iska ke sanyaya ta, saboda haka farantan gwangwanin da ke kewaye da injin da robar da ta rufe gefensa ba ado ba ne, kada a bar su a ƙasa. Baƙin mai lita biyu da rabi kawai take ɗauka, ba ta da filtar kirki sai raga, don haka canjin mai ba ya jira. Tazarar bawul milimita 0.15, inji na sanyi.

Akwai kuma masu zafin nama, waɗanda ke wargaza mota gaba ɗaya a Asabar guda. Ƙofofi a jingine da katanga, kujeru a baranda, notuna duk a bokitin fenti ɗaya. Malam, gidan haya kake! Wata shida maigidan zai ce a kwashe, yara sun yi wasa da rabin notunan, ruwa ya shiga akwatin giya, masu sayen ƙarafa sun yi gaba da bamba. Yawancin motocin da na ga an sayar a kilo haka suka ƙare. A titi ma ba a barin ta, don motar da ta yi kama da yasasshiya janye ta ake yi. Kama ɓangare ɗaya, ka gama, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba. Hoto kafin ka kwance, leda da rubutu ga kowane rukunin noti.

Kada ka jefar da tsohon kaya sai motar ta koma titi. Da shi za ka je kasuwar kayan mota ta Ladipo ka gwada da wanda za a miƙo maka, don "iri ɗaya ne, Oga" ba ma'auni ba ne. An fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, aka ci gaba har cikin shekarun 2000, kunkuru ma an haɗa ta nan Ojo, saboda haka kayan inji ba su yi wuya sosai ba. Abin da ke wuya shi ne fitilu na asali, tambari, azurfar gefe, maɓallan gaban mota. In za ka zaɓa tsakanin mota mai mataccen inji da cikakken jiki, da mai tashi amma an yagalgala ta, ɗauki ta farko. Tsohon kafireto na Solex da aka wanke aka sa wa sabbin gaskit ya fi sabon na araha. Kayan ƙarfe tokumbo, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, ba laifi, roba kuwa sabuwa kawai.

Takardu kafin ka kashe ko sisi. Lambar shasi ta dace da ta takarda, kada kuma mai walda ya rufe ta. Tsofaffin motoci da yawa na gado ne, sai ɗa ɗaya ya sayar, ka gama gyara sauran magada su bayyana. A rubuta, da shaidu, da sa hannun masu haƙƙi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, don haka Peugeot 404 da ta girmi wannan lokacin tana iya zuwa da sitiyari a dama. Tabbatar da matsayin rajistarta kafin ciniki.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Taya mai zane kamar sabuwa tana iya zama ta shekara goma sha, duba lambobi huɗun da ke gefenta, mako ne da shekarar da aka yi ta. Man birki yana shan laima, a Legas kada ya wuce shekara biyu, kuma tiyon birki a canza duka. Fiyus in ya ƙone dalili ne ya ƙona shi, ba a naɗa masa waya. Mai wayarin da ya zo da reza da salatif kawai, sallame shi. Kuɗin aiki kashi-kashi, ba a biya duka a gaba. Dasa injin Toyota a cikin Mercedes zai kai ka kasuwa, amma ka daina kiranta ta tarihi. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, bulon siminti kuma fashewa yake yi. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri.

Ranar fita ta farko kada ka nufi gadar Third Mainland don a gan ka. Tsawonta ya kusa kilomita 12, ba inda za ka raɓe in ta yi zafi. Zagaya unguwa da safiyar Lahadi lokacin da titi ba kowa, da jarkar ruwa da sifanoni da wani a gefenka, ka gwada birki tun kafin ka sa giya ta biyu. In ka dawo, shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, washegari ka duba abin da ya ɗiga da kuma daga inda ya ɗigo, ka gyara shi kafin fita ta gaba.