Yadda za ki samu fulawa a tsakar gida rani da damina

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne sai damina ta sauka ko'ina ya yi kore sannan mu tsaya gun masu sayar da fulawa a bakin titi mu kwaso duk wadda ta burge mu, to ana shiga watan Maris zafi ya haura digiri 40 sai ki ga duk sun ƙone saura tukwane kawai. Ni dai shawarata ki fara lissafi daga bazara, abin da zai iya jure Afrilun Kano shi za ki fara dasawa, sauran kwalliya ce.

Na farko kariya. Wannan tamu ce ta daji, gindinta ƙato kamar tulu, kuma da rani take fidda furenta ruwan hoda lokacin da komai ya bushe. Abin da ke kashe ta yawan ban ruwa ne, saiwar ruɓewa take yi, don haka ki haɗa ƙasarta da yashi sosai ki huda gindin tukunyar, amma fa ruwan jikinta guba ne a kula da yara. Sai bogenbiliya, wadda ake gani a katangar gidaje mai ƙaya ɗin nan, ja da fari da ruwan goro, ita ma halinsu ɗaya, rana take so ba inuwa ba, kuma in kika cika mata ruwa da taki ganye kawai za ta yi ta zubawa babu fure, ki ɗan bar ta da ƙishi ki sha mamaki. A gefe ki sa lalle ko guda ɗaya, furensa ba wani kyau ba amma ƙamshin da daddare ba a magana.

In ruwa ya zauna wajen Yuni sai ki watsa irin ziniya da marigol, ƙananan fulawoyi ne masu launi kala-kala, kamar wata biyu sun fara fure, kina cire waɗanda suka bushe suna ƙara fitowa, na ƙarshe ki bar su su ƙosa ki adana irin a kwalba. Ki sake shuka wani zagayen a ƙarshen Satumba da ban ruwa, shi zai riƙe miki hunturu. Zoɓo ma ki jefa 'yan ƙwayoyi, da kaka zai yi jawur, ga ado ga abin sha.

Maganar taki, kashin shanu ko na awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona shuka yake. Ki rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshen ganye don danshi ya daɗe, sai dai ki riƙa ɗagawa kina dubawa saboda gara. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, ruwan alwala da na wankin shinkafa duk sun yi, banda mai omo. Da hunturu ki riƙa ɗan wanke ganyen saboda ƙura, in ƙwari sun dame ki ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana ki tace ki fesa.

In kuma akwai akuya a gidan to wallahi kar ki sayi ko tsiro ɗaya sai kin fara yin shinge.